Manyan jiragen fasinja na Tekun Atlantika da kamfanoninsu: tambayoyi da amsoshi

Idan aka ce wa mutum ya ambaci wani babban jirgin ruwa na zamanin da, kusan kowa Titanic zai ce. Amma Titanic bai cika kwana biyar yana aiki ba. Sana'ar da ta haife shi kuwa ta shekara fiye da ɗari tana jigilar mutane da wasiƙu tsakanin Turai da Amurka. Ta kwashe miliyoyin talakawa daga ƙauyukansu ta sauke su a wata nahiya, ta arzuta wasu, ta cinye wasu. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da ita.

Wane irin jirgi ake nufi, kuma me ya raba shi da jiragen shaƙatawa na yau?

Jirgin shaƙatawa otal ne da ke yawo a kan ruwa. Mutum ya shiga don ya huta, jirgi ya zaga tsibirai da shi ya dawo da shi inda ya ɗauko shi, in an hango guguwa a kauce mata. Wanda muke magana a kansa abin hawa ne, kamar jirgin ƙasa. Yana da hanya guda, misali daga Liverpool ko Southampton zuwa New York, tafiyar fiye da kilomita 5,000. Yana da ranar tashi da ranar isa, kuma dole ya cika alkawari ko da tsakiyar hunturu ne, lokacin da igiyar ruwan arewacin Atlantika ke kai tsayin bene. Shi ya sa ake ƙera shi da ƙarfe mai kauri, da dogon goshi mai tsini na keta igiya, da inji mai ƙarfin gaske, don in guguwa ta ci masa kwana ɗaya ya iya rama shi a hanya.

Wa ya fara wannan sana'a?

A da, jirgi ba ya tashi sai ya cika, kamar motar haya a tasha. Fasinja ya biya kuɗi ya zauna jira, wani lokaci makonni. A Janairun 1818 kamfanin Black Ball Line na New York ya zo da abin da ba a saba ba: jirginsa zai tashi a ranar da aka sa, ko ya cika ko bai cika ba. Jiragen nan iska ce ke tura su. Zuwa Ingila yakan ci mako uku da 'yan kwanaki, komawa Amurka kuwa kusan kwana arba'in, domin iskar tekun daga yamma take kaɗowa.

Tururi ne ya sauya lissafi. A Afrilun 1838 jirage biyu, Sirius da Great Western, suka isa New York kwana ɗaya tsakani, dukansu da ƙarfin inji. Sirius ya yi kwana 18, Great Western kwana 15. Injiniyan da ya tsara na biyun, Isambard Kingdom Brunel, ya gane wani abu da masana da yawa na lokacin suka musa: in aka ƙara girman jirgi, wurin ajiye kwal yana ƙaruwa fiye da yadda cin kwal ɗin ke ƙaruwa. Wato girma shi ne sauƙi. Duk gasar ƙera manyan jirage da ta biyo baya daga wannan lissafi ta samo tushe. Shi kansa Brunel ya wuce gona da iri a jirginsa na ƙarshe, Great Eastern na 1858, mai tsawon mita 211, wanda aka tsara don mutum 4,000. Bai taɓa samun fasinjojin da za su cika shi ba. Amfanin da ya yi wa duniya shi ne shimfiɗa wayar tangarahu a ƙarƙashin Atlantika a 1866.

Me ya sa sunan Cunard ya fi kowane daɗewa?

Saboda wasiƙu, da kuma haƙuri. Samuel Cunard ɗan kasuwa ne daga Halifax a Kanada. Ya samu kwangilar ɗaukar wasiƙun gwamnatin Birtaniya, kuma ranar 4 ga Yuli 1840 jirginsa Britannia ya tashi daga Liverpool zuwa Halifax da Boston. Ƙaramin jirgin katako ne mai ɗaukar fasinja 115, har da saniya a ciki don samun madara. Abinci ba daɗi, ɗakuna matsattsu, amma kuɗin gwamnati na shigowa ko da fasinja ko babu, kuma umarnin da Cunard ya ba kyaftin-kyaftin ɗinsa shi ne su kai jirgi lafiya su dawo da shi lafiya, gudu ya biyo baya.

A gwada shi da abokin hamayyarsa na Amurka, Edward Collins. Jiragen Collins, da suka fara aiki a 1850 da tallafin gwamnatin Amurka, sun fi na Cunard gudu da ƙawa. A 1854 jirginsa Arctic ya yi karo da wani jirgin Faransa cikin hazo ya nutse. Mutum fiye da 300 suka mutu, ciki har da matar Collins da 'ya'yansa biyu, kuma ba mace ko yaro ko ɗaya da ya tsira, domin maza masu ƙarfi sun riga su shiga kwale-kwale. A 1856 wani jirgin nasa, Pacific, ya bar Liverpool, har yau bai isa ba. Kafin 1858 ta ƙare kamfanin ya rushe. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga ina kamfanonin suke samun riba? Daga attajirai?

A'a, kuma a ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Hotunan da aka fi yaɗawa na zaurukan cin abinci ne masu fitilu da matakala mai sassaƙa. Wannan talla ce. Abin da ke riƙe da kamfani yana can ƙasa, kusa da inji, inda ake jera gadaje hawa-hawa a zuba masu ƙaura.

Tsakanin 1820 da 1920 mutum fiye da miliyan 30 suka shiga Amurka, mafi yawansu daga Turai. Yunwar dankali ta koro mutanen Ireland daga 1845. Talauci da rashin gona suka koro Jamusawa da mutanen Sweden da Norway, daga baya mutanen kudancin Italiya da Poland. Kisan gilla a daular Rasha daga 1881 ya koro Yahudawa. Har daga ƙauyukan Siriya da Lebanon an tafi. Kamfanin Inman na Liverpool ne ya fara buɗe wa irin waɗannan mutane jirgin tururi a farkon shekarun 1850, sauran suka ga riba suka bi.

Lissafin mai sauƙi ne. Attajiri yana biyan kuɗi mai yawa, amma yana cin fili, yana buƙatar masu hidima da abinci kala-kala. Talaka yana biyan kamar dala 30 a wajen 1900, a ba shi gado da miya da burodi, kuma a filin ɗakin attajiri guda ana iya kwantar da mutane da yawa. A jirgin Imperator na Jamus, na 1913, fiye da rabin fasinjoji 4,000 da ɗoriya masu tikitin araha ne, na ƙasan jirgi.

Ba duka ne suka tafi ke nan ba. Da yawa cin rani suka je, musamman Italiyawa: su yi aikin gini ko haƙar ma'adinai, su tara kuɗi, su koma gida, wani ya sake dawowa. Kamfani na cin kuɗinsu zuwa da dawowa.

Ba wanda ya fahimci wannan kasuwa kamar Albert Ballin, Bayahude ɗan Hamburg, wanda ya fara da ƙaramin ofishin sayar wa masu ƙaura tikiti, ya zama shugaban kamfanin Hamburg-Amerika a 1899, ya mayar da shi kamfanin jiragen ruwa mafi girma a duniya. Ya gina wa masu ƙaura unguwa guda a Hamburg, da ɗakunan kwana da asibiti da coci da wurin ibadar Yahudawa. Akwai tausayi a ciki, akwai kuma lissafi, kamar yadda za a gani a tambaya ta gaba. Shi ne kuma a 1891 ya tura jirginsa Augusta Victoria yawon shaƙatawa Bahar Rum da hunturu, lokacin da fasinjan Atlantika ke ƙaranci.

Yaya tafiyar take ga talaka, kuma me ke jiransa a can?

A farkon zamani, azaba ce. Babu iska, babu wurin wanka isasshe, in teku ta tashi a kulle ƙofofi, mutane na amai a cikin duhu. Bayan 1900 gasa ta sa an gyara: manyan jirage suka fara raba ƙananan ɗakuna na mutum huɗu ko shida, da teburin cin abinci. Amma shingen da ke tsakanin aji na uku da na sama bai gushe ba. Dokar lafiya ta Amurka ma ta buƙaci a raba su.

In an isa New York, 'yan aji na ɗaya da na biyu a cikin jirgi ake duba su, su sauka su tafi. 'Yan aji na uku kuwa a kwashe su zuwa tsibirin Ellis. Daga 1892 zuwa 1954 mutum kusan miliyan 12 suka bi ta wurin, fiye da miliyan ɗaya a 1907 kaɗai. Likita na kallon tafiyar mutum yayin da yake hawa matakala, wani ya ɗaga fatar ido yana neman amosanin ido, wanda aka yi shakkarsa a yi masa alama da alli a riga. Kusan biyu cikin ɗari ake mayarwa, kuma kamfanin da ya kawo mutum shi zai mayar da shi da kuɗinsa. Dalilin da ya sa kamfanoni ke tantance mutane tun a Turai ke nan. Biyu cikin ɗari kaɗan ne a takarda. Amma a tuna uwar da aka ce ɗanta ɗaya ba zai shiga ba, sauran 'ya'yanta kuma sun wuce.

Su wa ke tafiyar da jirgin a zahiri?

Masu zuba kwal. Kyaftin yana sama da farin kaya, amma jirgi ba ya motsi sai da mutanen da ke gindin tukwane. Titanic yana da tukwanen tururi 29, yana cin kwal fiye da tan 600 a rana. Mauretania kuwa kusan tan 1,000. Duk wannan da shebur ake zuba shi, da hannu. Wasu na turo kwal a baro daga rumbu, wasu na watsa shi a wuta suna kwashe toka, awa huɗu aiki awa takwas hutu, dare da rana, cikin zafin da ke sumar da ƙato. Jirgi na tangaɗi, baro na gudu, ƙofar wuta a buɗe. Turawa na kiransu baƙar tawaga saboda ƙurar kwal da ke rufe su. In ka ji an ce jirgi kaza ya kafa tarihin gudu, to waɗannan ne suka kafa shi, ko da yake ba sunansu aka buga a jarida ba.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka mayar da manyan jirage suna shan mai maimakon kwal. Aikin da ɗaruruwa ke yi ya koma na 'yan gomomi. An huta da azaba, an kuma rasa abin kai wa baki.

Mene ne Blue Riband?

Kambun gudu ne, na jirgin fasinja da ya fi kowa saurin ƙetare tekun. Shekaru da yawa suna ne kawai, babu kofi, sai a 1935 wani ɗan majalisar Birtaniya, Harold Hales, ya ba da kofi. Duk da haka ƙasashe sun ɗauke shi abin alfahari.

A 1897 Jamus ta girgiza Birtaniya. Kamfanin Norddeutscher Lloyd na Bremen ya fito da Kaiser Wilhelm der Grosse, jirgi na farko mai bututun hayaƙi huɗu, ya karɓe kambun. Sai kuma a 1902 attajirin Amurka J. P. Morgan ya saye White Star, wani babban kamfanin jiragen Birtaniya, da wasu kamfanoni yana neman mamaye tekun baki ɗaya. Gwamnatin Birtaniya ta tsorata, ta ba Cunard rancen fam miliyan 2.6 bisa sharaɗi: kamfanin ya zauna hannun 'yan Birtaniya, kuma in yaƙi ya tashi jiragen na gwamnati ne. Da kuɗin aka ƙera Lusitania da Mauretania a 1907, da sabon injin Charles Parsons wanda tururi ke juya fukafukansa kai tsaye. Mauretania yana gudun kilomita 48 a awa, ya riƙe kambun har 1929 lokacin da Bremen na Jamus ya karɓe. Daga nan Rex na Italiya a 1933, Normandie na Faransa a 1935, Queen Mary daga bisani. Na ƙarshe shi ne United States na Amurka, wanda a Yulin 1952 ya ƙetare cikin kwana 3 da awa 10 da minti 40, gudun kusan kilomita 66 a awa. Ba babban jirgin fasinja da ya sake yin haka.

To Titanic fa? Me ya sa mutane da yawa suka mutu?

White Star ta bar wa Cunard gudu, ta zaɓi girma da jin daɗi. A ma'aikatar Harland and Wolff ta Belfast aka ƙera mata jirage uku 'yan uwa: Olympic, Titanic, Britannic. Titanic ya tashi daga Southampton ranar 10 ga Afrilu 1912, ya tsaya a Cherbourg da Queenstown, ya bugi dutsen ƙanƙara da ƙarfe 11:40 na daren 14 ga wata, ya nutse da ƙarfe 2:20 na asuba. Cikin mutum kusan 2,200, wajen 1,500 suka mutu. Jirgin Carpathia na Cunard ya kwashe 700 da 'yan kai.

Kwale-kwalen ceto 20 ne, masu ɗaukar mutum 1,178. Abin takaicin shi ne kamfanin bai karya doka ba. Dokar ta 1894 ce, an yi ta lokacin da jirgi mai tan 10,000 shi ne babba, ta ce 16 sun isa, kuma ba a taɓa ta ba har jirage suka ninka wannan girma sau huɗu. Ga shi an saki kwale-kwale da yawa ba su cika ba. Ga saƙonnin gargaɗi game da ƙanƙara da suka zo ta wayar iska, ba a rage gudu ba.

Mutuwar ma ba ta raba daidai ba. A aji na ɗaya kusan shida cikin goma sun tsira, a aji na uku ɗaya cikin huɗu. Injiniyoyin jirgin ba wanda ya fita, kuma wuta ba ta ɗauke ba sai daf da nutsewa. Garin Southampton kaɗai ya rasa mutum fiye da 500, akasarinsu ma'aikata, kuma bisa al'adar lokacin albashin ma'aikaci ya tsaya ne daga sa'ar da jirgi ya nutse. Akwai baƙar fata a cikin fasinjoji, Joseph Laroche, injiniya ɗan Haiti da ke komawa gida da iyalinsa daga Faransa. Matarsa da 'ya'yansa mata biyu sun tsira, shi bai tsira ba.

Bayan wannan aka yi yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914, aka wajabta kwale-kwale ga kowa da sauraron wayar iska dare da rana, aka kafa sintirin ƙanƙara wanda har yau yana aiki. A 1985 aka gano gawar jirgin a zurfin kusan mita 3,800.

Shi ne haɗari mafi muni?

A'a. A lokacin zaman lafiya yana cikin mafi muni, amma shekara biyu bayansa Empress of Ireland ya nutse a kogin St. Lawrence na Kanada cikin minti 14 da mutum 1,012, yaƙin da ya ɓarke bayan 'yan watanni ya sa aka manta da shi. A Yunin 1940 jiragen saman Jamus suka nutsar da Lancastria na Cunard a gaɓar Faransa, maƙare da sojoji da 'yan gudun hijira. Aƙalla mutum 3,000 suka mutu, gwamnatin Birtaniya ta hana jaridu buga labarin a lokacin.

Wace rawa suka taka a yaƙe-yaƙen duniya?

Ranar 7 ga Mayu 1915 jirgin yaƙin Jamus mai tafiya ƙarƙashin ruwa ya harbi Lusitania kusa da Ireland. Cikin minti 18 ya nutse da mutum kusan 1,200, ciki har da Amurkawa 128. Amurka ba ta shiga yaƙin ba sai 1917, amma daga ranar nan zukatan jama'arta suka fara juyawa. Britannic, ƙanen Titanic, bai taɓa ɗaukar fasinja mai biya ba: yana aikin asibiti ya taka nakiya a tekun Girka a 1916. Da Jamus ta sha kashi aka raba manyan jiragen Ballin uku: Imperator ya zama Berengaria na Cunard, Vaterland ya zama Leviathan na Amurka, Bismarck ya zama Majestic na White Star. Ballin bai ga rabon ba, ya rasu a Nuwamban 1918, yaƙi na ƙarewa.

A yaƙi na biyu aka shafe Queen Mary da Queen Elizabeth da fenti ruwan toka suka zama masu jigilar sojoji. A Yulin 1943 Queen Mary ya ɗauki mutum 16,683 a tafiya guda. Gudunsu ne garkuwarsu, kuma umarni shi ne kada su tsaya ko da me ya faru. A Oktoban 1942 Queen Mary ya raba jirgin rakiyarsa Curacoa gida biyu, ya wuce bai tsaya ba, mutum fiye da 300 suka mutu.

Akwai tafiya ɗaya da ba na son a manta. A Mayun 1939 jirgin St. Louis na Hamburg-Amerika ya ɗauki mutum fiye da 900, kusan duka Yahudawa masu gudun Hitler. Cuba ta ƙi su, Amurka ta ƙi, Kanada ta ƙi. Jirgin ya koma Turai, kuma 254 daga cikinsu suka halaka a kisan ƙare-dangin da ya biyo baya. Hanyar da ta ɗauki miliyoyi shekaru talatin kafin nan, ranar da aka fi buƙatarta a rufe take.

Wa ya rufe ta?

Majalisar Amurka, da dokokin 1921 da 1924 waɗanda suka ƙayyade adadin da kowace ƙasa za ta turo, suka kusan toshe ƙofa ga mutanen kudanci da gabashin Turai. Kamfanoni suka wayi gari ƙasan jiragensu fayau. Sai suka yi wa ɗakunan fenti, suka sa musu sabon suna, suka sayar wa ɗalibai da malaman Amurka masu son ganin Turai da araha. Wannan ya riƙe su har tattalin arzikin duniya ya karye a 1929. A Disamban 1931 aka dakatar da aikin wani ƙaton jirgin Cunard a Clydebank ta Scotland, dubban ma'aikata suka zauna gida fiye da shekara biyu. Gwamnati ta ce za ta ba da rance in Cunard da White Star sun haɗe. Suka haɗe a 1934, jirgin ya zama Queen Mary.

Abokin gasarsa Normandie, mai tsawon mita 313, mutane da yawa na ganin ba a taɓa ƙera jirgi mai kyansa ba. Shekara huɗu kawai ya yi yana aiki. A Fabrairun 1942, ana mayar da shi na sojoji a New York, ya kama wuta, ruwan da 'yan kwana-kwana suka zuba ya yi masa nauyi ya kife a wurin.

Me ya kashe sana'ar?

Jirgin sama. A Oktoban 1958 jiragen Comet da Boeing 707 suka fara ƙetare Atlantika da fasinja, tafiyar kwana biyar ta koma ta awoyi. A daidai wannan lokaci masu bi ta sama suka zarce masu bi ta ruwa. Cikin 'yan shekaru manyan jirage na tafiya da hunturu ma'aikata sun fi fasinjoji yawa. Queen Mary ya yi ritaya a 1967, United States a 1969. Faransa ta riƙe jirginta France da tallafi har 1974, tsadar mai ta sa gwamnati ta janye hannu, ma'aikata suka tsare jirgin a bakin tashar Le Havre na makonni, bai hana komai ba. Italiya ta sayar wa Iran jiragenta biyu, Michelangelo da Raffaello, suka zama barikin soja.

Akwai wata alaƙa da Afirka ta Yamma?

Akwai, ko da yake hanyarmu daban ce. Jiragen da suka haɗa Legas da Takoradi da Freetown da Liverpool na kamfanin Elder Dempster ne. Ta ruwa sarakuna da ɗalibai da 'yan siyasa ke zuwa Ingila kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, har da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921. Jirginsu na fasinja na ƙarshe, Aureol, ya yi aiki daga 1951 zuwa 1974. Shugaban kamfanin, Alfred Jones, shi ya kafa bankin da yau ake kira First Bank a 1894. Bayan rasuwarsa kamfanin ya faɗa hannun Lord Kylsant, wanda ya sayi White Star a 1927. Wato akwai lokacin da Elder Dempster da kamfanin Titanic ubangidansu ɗaya ne, har daular tasa ta rushe aka ɗaure shi a 1931 kan yaudarar masu zuba jari. A gindin tukwanen Elder Dempster kuwa 'yan Afirka ta Yamma ne da yawa, ana biyansu ƙasa da Turawa a kan aiki iri ɗaya. A 1959 ma'aikata 'yan Nijeriya na jirgin Apapa suka ajiye aiki a Liverpool kan wariyar launin fata.

Sai kuma suna. A 1919 Marcus Garvey ya kafa Black Star Line a Amurka, amsa ga White Star, da kuɗin hannun jarin talakawa baƙar fata. An sayar masa da tsofaffin jirage da tsada, kamfanin ya durƙushe a 1922. Amma Kwame Nkrumah ya ɗauko sunan ya sa wa kamfanin jiragen ruwan Ghana a 1957, kuma baƙin tauraron yana kan tutar ƙasar har yau.

Ina kamfanonin suke yanzu, kuma akwai jirgin da ya rage?

Hamburg-Amerika da Norddeutscher Lloyd sun haɗe a 1970 suka zama Hapag-Lloyd, sunan da ake gani a jikin kwantena. Kamfanin Faransa mai jiragen Normandie da France ya narke cikin CMA CGM. Cunard da Holland America suna ƙarƙashin Carnival, kamfanin shaƙatawa na Amurka. Jirgi ɗaya ne ya rage yana bin tsohuwar hanya a kai a kai, Queen Mary 2 na 2004, mai tsawon mita 345, yana kwana bakwai tsakanin Southampton da New York.

Tsohon Queen Mary otal ne a Long Beach ta California, Queen Elizabeth 2 otal ne a Dubai, Rotterdam na 1959 yana garin da aka sa masa sunansa. Jirgin Great Britain na Brunel, na 1843, an ɗauko shi daga tsibiran Falkland a 1970 aka mayar da shi ramin da aka ƙera shi a Bristol. United States ya yi kusan shekara talatin yana tsatsa a Philadelphia, a Fabrairun 2025 aka ja shi zuwa Alabama don a shirya nutsar da shi ya zama gidan kifi.

Na White Star guda ɗaya ya rage, ƙaramin jirgi Nomadic da ke Belfast, wanda ya kai fasinjojin aji na ɗaya da na biyu cikin Titanic a Cherbourg. Ɗan uwansa Traffic, wanda ya kai 'yan aji na uku da buhunan wasiƙu a wannan yammacin, ya halaka a Yaƙin Duniya na Biyu.